Alamar da Baba Ya Yi wa Akwatina

Sana'ar mahaifina ba ta da wani suna na kirki, ko a Hausa ko a Larabci. In abokan aiki suka tambaye ni sai in ce mai fenti ne, in yi maza in kawo wani zancen. Gaskiyar maganar ita ce alama yake yi wa akwatunan alhazai, a wata 'yar rumfa a Misfala, kudu da Harami, tsakanin mai sayar da tasbaha da wani maƙeri da ke liƙe gwangwanayen zamzam da dalma.

Wanda bai ga Makka ta tsakiyar shekarun 1960 ba zai iya cewa wannan ai ba sana'a ba ce, to bari in yi masa bayani. Da an sauko daga Mina, alhaji ba shi da sauran aiki sai tsaraba. Kowa zai sayi akwatin ƙarfe, kuma duk iri ɗaya ne, tsawo ɗaya, baƙin fenti ɗaya, ya danna masa dabino da darduma da turare da yadi har sai an hau kan murfin kafin ya rufu. Daga nan a jibga su a bayan babbar mota zuwa Jidda, a zuba su cikin jirgin ruwa, a sake zube su a gaɓar Sudan, tsibi guda. Mutanenmu da yawa a lokacin ba sa karatu, wanda ma yake yi ba zai hango ɗan rubutun suna a cikin wannan tsibin ba. Launi ake hangowa daga nesa. Shi ya sa suke zuwa wurin Baba.

Baba a ƙafa ya zo daga Kano yana saurayi, ta Cadi da Sudan, yana tafe yana ƙwadago. Ni a Makka aka haife ni. Kayan aikinsa ba su da yawa: gwangwanayen fenti shida, burushi mai faɗin yatsu uku, kwalbar kananzir da tsumma. Alhaji zai dire akwati, Baba ya nuna masa tabarma, su shiga hira. Daga ina? Ya aka baro gida? Me ake nomawa a can? Sai mutum ya saki jiki sannan Baba zai ce ya nuna launin da yake so. Daga nan ya miƙe tsaye, ya tsoma burushi, ya goga shi sau ɗaya a bangon da ke bayansa don ya ji kaurin fentin, ya juyo ya yi alama a jikin akwatin da ja guda na burushi, tun daga kafaɗa, ba daga wuyan hannu ba. Wata ta lanƙwashe, wata ta karye, wata ta tashi sama ta tsaya cak. Ba hoton komai ba ce.

Doka ɗaya gare shi: ba a komawa. In ja ya ɓaci, a goge duka da kananzir a sake, amma ba a ɗaga burushi a tsakiya a dawo a ci gaba, ba a kuma bi a gyara. Tun ina ƙarami ban taɓa ganin ya karya wannan doka ba. Bangon nan kuwa da yake gwada burushi, shekara ashirin da wani abu yana shan ja da kore da rawaya, har fentin ya yi tudu. Kullum ta gabansa nake wucewa, kuma ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Ni a lokacin shekarata ashirin da ɗaya, ina koyar da zane a wata firamare a unguwar Hindawiyya, kaina kuma ya kumbura iyakar kumburi. Farar jallabiya, alƙalami a aljihun gaba, ina koya wa yara su zana buta da bishiyar dabino. Hirar nan da Baba ke yi da alhazai a wurina ɓata lokaci ce irin ta tsofaffi, na tabbata in ni ne, kafin ya gama akwati ɗaya na gama biyar. Shi kuma Ustaz yake kirana, yana jan kalmar yadda kowa zai gane zolaya ce.

A makarantarmu akwai wani babban malami mutumin Sham, shi ke duba aikinmu mu ƙanana. Wata rana da ya dawo daga hutu ya kira ni ya buɗe min wata mujalla mai hotuna masu launi. Zane-zane ne, kowanne ya fi ƙofar zaure girma. Babu mutum a ciki, babu gida, babu bishiya. Wani fenti ne aka yi ta yarfawa ya sarƙe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Wani kuma baƙin layi ne guda uku a kan fari, masu kauri, kai ka ce da tsintsiya aka yi su. Ban san lokacin da na zauna ba.

Malamin ya ce min wannan salo a birnin New York ya tashi, bayan yaƙin duniya na biyu. Masu zane na Turai da yaƙi ya koro sun je can da wata dabara ta sakin hannu ya yi tafiyarsa ba tare da an tsara masa hanya ba. Matasan can suka karɓa, suka haɗa da girman zanen bango na mutanen Meziko. Wani ya ɗauko yadda 'yan asalin Amurka ke zuba yashi mai launi a ƙasa suna zagayawa, shi ma ya shimfiɗa ƙyallensa a ƙasa. Wasu kuma ana cewa rubutun burushi na mutanen Sin da Japan ne ya ja hankalinsu. Abin da ya fito shi ne zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, launi da motsin hannu ne kawai ke faɗin abin da ke ran mai yi. Da ya ga yadda na ƙura ido, sai ya ciro wata takarda daga aljihu. Ana zaɓen matasan malamai da za a tura Italiya su karanci zane, kuma ya sa sunana. Abu ɗaya ya rage, sa hannun mahaifi, kuma dole takardar ta koma kafin watan Zulhajji ya ƙare.

Wannan sa hannu shi ne duk damuwata. Ina son tafiyar nan yadda ban taɓa son wani abu ba, kuma na tabbata Baba zai hana, don na sha jin yana cewa shi bai yarda da zanen mai rai ba. Sai na shirya masa hujja. Na ɗauki wani tsohon zanen gado na Inna, na shimfiɗa a saman soronmu, na buɗe mujallar a gefe, na yi mako biyu ina yarfa fenti ina dubawa ina gyarawa. Inna takan leƙo da kwandon wanki a ka ta ce, "Ustaz, in ka gama zubar da buyar ubanka ka faɗa min, ina da shanya." Buya ita ce fenti a bakin mutanen Makka, mu ma haka muke cewa a gida.

Ana saura 'yan kwanaki a fita Arfa na same shi a rumfa bayan la'asar, babu kowa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye takardar, na buɗe mujallar, na warware zanena, na fara jawabin da na haddace, cewa babu sura a ciki, babu mai rai, ko fuskar sauro babu. Bai ko saurare ni ba. Ya ɗauki mujallar ya matsar da ita nesa da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan shi ma akwatuna yake yi?"

Na ce, "Haba Baba, babban mai zane ne a Amurka."

"To bangonsa aka ɗauka ke nan." Ya yi nuni da haɓa zuwa bangon da ke bayansa. Na ɗaga kai na duba, kuma wallahi ranar na fara ganin bangon nan. Raina ya sosu, don na ga yadda suka yi kama da hoton, kuma ban so in gani ba.

Ya bi hoton da yatsa. "A tsaye ya yi shi, yana zagayawa. Ka ga nan ya fara, nan ya juya, nan buyar ta kusa ƙarewa bai tsaya ba. Ya cika kananzir, amma ba ya jin tsoro." Ya buɗe ɗaya shafin, mai baƙin layi uku. "Wannan ya fi shi. Wannan in ya zo Misfala zai ci abinci."

Sannan ya juyo kan nawa. Bai daɗe ba.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne, Baba."

"A'a. Na mutumin can ne, ka ara. Nan ka koma. Nan ma ka koma. Nan kuwa sau uku ka bi. Ustaz, hannunka yana tafiya yana waiwaye."

Na zo da shirin musu a kan halal da haram, sai ga shi an kayar da ni a kan aiki. Haushi ya turnuƙe ni, na ce ai shi abin da yake yi alama ce kawai, ko yaro ya iya, wannan kuwa ilimi ne da ake karantawa a manyan makarantu. Na faɗa da ƙarfi, har maƙerin da ke gefe ya dakata da bugun guduma. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin gwangwanin kore ya ce, "Ɗayyib. In an sauko daga Mina zan bar maka rumfa yini guda. Ka yi musu alama, a tara akwatunan, kowa ya ɗauki nasa ba tare da an buɗe ba. In sun ɗauka, zan sa hannu a waraƙarka. In ba su ɗauka ba, kalas, ka ci gaba da zana buta."

Na amsa nan take. A raina har dariya na yi.

Ranar ta zo. Wani mai masaukin alhazai ya turo ayari guda, mutum talatin da 'yan kai, mutanen wajen Yawuri, motarsu za ta tashi washegari da safe. Baba ya miƙa min burushi ya koma rumfar maƙeri ya zauna. Ni kuwa na zo da tsarina na malamin makaranta. Na jera su layi, na rubuta sunan kowa da alli a gefen akwatinsa, na ce su tafi Harami su yi ɗawafinsu, su dawo bayan azahar. Tabarmar hira ma naɗe ta na yi na jingine. Wata tsohuwa ta tsaya tana son ta yi min magana, na ce, "Hajiya, je ki kawai, in kin dawo za ki tarar an gama."

Kuma na yi aiki, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Na tuɓe jallabiya, na ja, na yarfa, na haɗa launi biyu, wani wurin uku. Kafin a kira azahar na gama duka, sun jeru a rana suna sheƙi, ni kaina sai da na ja baya na yaba wa kaina. Da suka dawo na riƙa kiran suna ina nuna wa kowa. "Ga naka, dube shi da kyau." Kowa ya duba ya ce madalla, Allah ya yi albarka.

Sai Baba ya taso. Ya ɗauki tsumma ya bi ya share allin nan kaf, yana cewa alli ba ya kai wa Jidda. Ya sa 'yan dako suka hautsina akwatunan, suka jera su a ɗaya gefen titi. Ya ce, "Yalla, bismillah, kowa ya ɗauki nasa."

Mutum huɗu ne suka ɗauka daidai, su ma ina zargin wata lotsawa ko tsatsa suka bi, ba aikina ba. Sauran suka yi ta zagaye. Mutum uku suka kama akwati ɗaya kowa na rantsuwa. Wani ya ce nasa ja ne, alhali jajaye sun kai goma. Aka koma ga makullai, sai ga shi kwaɗunan nan na kasuwa ne masu araha, makulli ɗaya na buɗe biyar. Dole aka bubbuɗe komai a bakin titi, asirin tsarabar kowa ya tonu. Wani dattijo mai tsare gida, wanda tun safe bai yi murmushi ba, aka tarar rabin akwatinsa alewa ce.

Mutane na dariya, ni gumi ne ke keto min. Sai na ji kuka. Tsohuwar nan ce da na kora da safe, ta zauna a ƙasa dirshan.

"Wanga ba nau ba ne, wancan ma ba nau ba ne. Likkafanina na ciki. Da hannuna na wanke shi da zamzam, na shanya shi. In ya ɓace, da mi za a rufe ni?"

An samo akwatin nata, ba a daɗe ba, yana can ƙarƙashin wasu biyu. Ta ciro farin ƙyallen ta rungume. Amma ni sai na hango ta a gaɓar Sudan, babu Baba, babu mai jin Hausa, tana zagaya tsibin akwatuna da wannan kukan. Nan na gane ashe abin da na raina ba wasa ba ne. Na kuma san na faɗi, takardata ta tafi.

Baba bai ce min ci kanka ba. Ya miƙo min tsumma da kwalbar kananzir, shi ma ya ɗauki nasa, muka bi muka goge duk abin da na yi tun safe. Da muka gama sai ya warware tabarmar da na naɗe, ya shimfiɗa, ya sake miƙo min burushin.

"Na ce yini guda, rana ba ta faɗi ba. Fara da Hajiya. Zauna. Kuma ba akwatin za ka kalla ba."

Na zauna. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai ɗan nan. Ban san me zan tambaya ba, sai na ari tambayar Baba, na ce ya aka baro gida. Ta fara a hankali, can ta saki jiki. Gidansu a bakin kogin Kwara yake. Mijinta masunci ne, ya rasu shekara uku da suka wuce. Ta ce akwai wata lanƙwasa da kogin ke yi kafin garinsu, in ya dawo daga su da hantsi, daga nan take fara hango kwalekwalensa. Tana faɗa tana nunawa da hannun dama: ta miƙa shi can nesa, ta jawo shi a kwance, sannan ta murɗa shi zuwa ƙirjinta. Ta ci gaba da zance, ta sake yin haka. Da ta yi na uku sai na lura. Ita ba ta ma san tana yi ba.

Ashe abin da Baba ke kallo ke nan shekara da shekaru. Ba shi ke ƙirƙiro alamar ba, a jikin mai akwatin yake ɗaukowa.

Na ce ta nuna launi, ina kai hannu ga shuɗi tunda zancen kogi ne. Ta ce, "A'a, ruwanmu ba haka yake ba." Ta nuna rawaya, ta ce a ɗiga masa ja kaɗan, haka yake da damina. Na miƙe tsaye, na goga burushin a bangon Baba, karo na farko a rayuwata, na juyo na ja tun daga kafaɗa: nesa, a kwance, sannan murɗawa. Gefen ƙarshen ya ɗan zubo, hannuna ya yi ƙaiƙayin gyarawa, na danne shi. Tsohuwar ta dafe baki ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, "Ga shi nan kuwa."

Haka na bi sauran ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi ja. Wani in yana magana saran iska yake yi da gefen hannu kamar mai faskare. Wani yatsa yake juyawa a sama. Dattijon alewa hannunsa ba ya motsi sam, sai dai ya dangwala yatsa a gwiwa sau biyu in zai ƙare magana, shi na yi masa ɗigo biyu manya da fari. Wasu sun ba ni wuya, sau biyu na goge na sake. Ban yi sauri ba, kuma alamomin ba su kai na safe kyau ba, in kyau ake nema.

Washegari da safe aka tara akwatunan a gindin mota, 'yan dako suka hautsina su son ransu. Tsohuwar nan ce ta fara. Ko rage tafiya ba ta yi ba, ta nufi nata ta zauna a kai. Sauran suka bi. Mutum ɗaya ne ya ɗauki na wani, wani tsoho da idonsa ya yi yana, na dubi Baba. Ya ce, "Wannan ko ni na yi sai an kama masa hannu." Muka koma rumfa, ya ɗaga gwangwanin kore, ya ciro takardar, gindin gwangwanin ya bar mata zobe. Ya zare alƙalamin daga aljihuna da kansa ya sa hannu, shi ma da ja guda.

Shekara huɗu na yi a Italiya. An koya min tarihin wannan salo dalla-dalla, waye ya koya a wurin wa, waye ya ga aikin wa ya canza hanya, na rubuta jarrabawa a kai na ci. Abin da malamin nan na Sham ya faɗa min gaskiya ne, kuma ina ƙaunar mutanen nan na New York, ban taɓa ɓoyewa ba. Ranar da na fara tsayawa a gaban aikin ɗayansu ido da ido, ba a mujalla ba, na kama kaina ina neman inda ya tsaya, inda ya juya, inda fenti ya kusa ƙare masa, kuma na samu. Malamaina sun yi mamakin yadda nake karanta hannu. Suka ce wane ne ya yi tasiri a kaina, suna jero sunaye. Na ce su bar wahalar da kansu, ba za su same shi a littafi ba. Tun daga lokacin har yau ban sake aron hannun kowa ba, kuma ba na fara zane sai na san wa nake kallo.

Amma na tsallake safiyar da na bar gida. Inna ta cika min akwatin ƙarfe, irin na alhazai sak, da dabino da yaji da bargon da ta ce ƙasar Turawa sanyi gare ta. Na ɗauko shi zuwa rumfa, na dire a gaban Baba, na zauna a tabarma ina jiran ya tambaye ni ya aka baro gida. Bai tambaye ni komai ba, bai kuma ce in nuna launi ba. Shekara ashirin da ɗaya yana kallona, me zai tambaya? Ya tsoma burushi a kore, ya goga a bango, ya juyo ya fara ja daga ƙasa yana hawa. Sai a tsakiya hannun ya tsaya. Ya ɗaga burushin. Ya ƙura wa ƙarfen ido, ina jin numfashinsa. Na zaci zai ɗauki tsumma ya goge. Sai ya mayar da burushin ɗan sama da inda ya tsaya, ya ƙarasa.

Na ce, "Baba, ka koma."

Ya ce, "Buyar ce ta yi kauri." Bai dube ni ba. Fentin nan kuwa ni na dama shi da safen, na san lafiyarsa ƙalau.

Bayan kwanaki a teku jirginmu ya tsaya a gaɓar Italiya. Aka zube kaya a wani ƙaton ɗaki, tsibi guda, mutane na ture-ture suna ihu da yaren da ba na jin ko kalma ɗaya. Ban zagaya ba. Tun daga ƙofa na hango koren layi yana hawa, da 'yar tazara baƙa a tsakiyarsa, faɗin yatsa biyu, inda hannun Baba ya kasa wucewa. Na je na zauna a kai kamar yadda tsohuwar nan ta yi, na daɗe ban iya tashi ba.